Baƙon Maƙwaƙƙwafin da Kakana Ya Ji

Ranar da Kaka ya rasu, kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. Amalanke daga ƙauyukan Dogarawa, babura daga Malbaza, har da motar kasuwa guda da ta kwaso dangi daga Konni. Ina cikin gida wajen mata, amma zanar da ta raba mu da maza ba ta tare magana. Duk wanda ya tsuguna ya yi gaisuwa sai ya ɗora da yabo iri ɗaya. "Wanga dattijo bai taɓa ƙarya ba." "In ya hwaɗi magana, an gama." Har muryar maƙwabcin gonar Gwaggo na ji, tana rawa, yana cewa yau gari ya yi rashin mai gaskiya.

Gwaggo, ƙanwar babana, tana zaune kusa da ni. Ta dakatar da jan carbinta ta dube ni.

"Kin jiya?"

Na ce na ji.

Ta ce, "Yau sunka sani."

Na karɓi gaisuwar kowa, na amsa amin ga kowace addu'a, domin Kaka yana bukatar addu'a ko daga bakin wa ta fito. Amma raina a ɓace yake, kuma har yanzu bai huce ba. Bakunan nan da ke yabonsa, ko shekara ba a yi ba da suka yanke cewa hankalinsa ya gushe, suka jefar da shaidarsa a gaban mai gari, a kan ɗan tsuntsun da bai kai tafin hannuna ba. Shi ya sa na zauna rubutun nan. In an bar wa masu gaisuwa labarin, za su binne shi da yabo, a manta abin da aka yi masa.

Kakana masassaƙi ne. Rabin turamen garinmu daga hannunsa suka fito, haka akusa da muciyoyi da ƙotocin hauya. Babana ya rasu ina ƙarama, don haka a gindin rumfar Kaka na girma, cikin ɓawon itace, ina tsince masa gizago in ya ajiye ya manta. Amarya yake kirana, ni kuma in ce masa angon da ba haƙori. Ko da na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, aka tura ni Tajaye, in na dawo gida gaisuwarsa ɗaya ce: "Amarya, kin zo ki ga ko na mutu ki yi sabon aure?" In ce masa na zo ne in ga ko ya tara abin lefe, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Ba ya wuce itace bai ƙwanƙwasa shi ba. Ƙyauren masallaci, gefen amalanke, gindin gawo a hanyar gona, sai ya buga da bayan gizago ko da ƙashin yatsa, ya karkata kai ya saurara. Daga amon yake gane mai lafiya da wanda tsutsa ta cinye ta ciki. Wata rana wata amarya ta kawo masa turmin da aka saya mata a kasuwa, tana alfahari da shi. Ya buga sau biyu ya ce kada ta saba da shi, ba zai ga damina ba. Ta tafi tana ƙunƙuni. Da ya tsage, sai ya aika mata da wani na kirya, ya ce a gaya mata gudummawar biki ce ta makara.

Ya sha gaya mini cewa malamai biyu suka koya masa sassaƙa, ubansa da maƙwaƙƙwafi. Tsuntsun ba ya ɓata bakinsa a kan itace mai lafiya. Inda ka ji yana bugu, akwai tsutsa a ciki, masassaƙi sai ya wuce ya nemi wani. Don haka tun yana saurayi yake bin bugun tsuntsayen nan da kunne, har ya san su kamar yadda na san muryoyin 'yan ajina. Da yanar ido ta rufe masa gani a shekarunsa na ƙarshe, bai damu sosai ba. Cewa yake yi idon dama ɗan rakiya ne.

A ɗarin bara ne abin ya faru. Wata safiya ya dawo daga fadama, ya zauna a majalisar ƙofar masallaci, ya ce an yi baƙo a gari. Aka tambaye shi gidan wa ya sauka. Ya ce a kan busasshiyar farar ƙaya da ke bakin fadama, kuma maƙwaƙƙwafi ne, amma ba irin namu ba. Namu babba ne, bugunsa da nauyi, yana son gindi da manyan rassa. Wannan kuwa ƙarami ne, bugunsa sauri-sauri, a hankali, can a kan siraran rassa. Ya ce ya san shi. Lokacin ƙuruciya yakan tafi arewa da ɗari, can gaba da Abalak, yana sassaƙa wa makiyaya akusa da turame, kuma a kwarurukan can ne yake jin wannan bugun. Tun da ya daina zuwa bai sake jinsa ba, kuma bai taɓa jin wanda ya ce ya gan shi a ƙasarmu ba.

Majalisa ta fashe da dariya. Wani ya ce maƙwaƙƙwafi ai duk maƙwaƙƙwafi ne. Wani ya tambaye shi ko baƙon ya nuna masa takardar shiga gari. Kaka bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku da kuka da idanu, ku tahi ku duba mana." Babu wanda ya tashi, ga shi tafiyar ba ta kai ta zuwa rijiya ba.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da Gwaggo ta ba ni labari ta waya, dariya na yi, na ce a gaya wa angona ya bar bin tsuntsaye ya zo ya bi ni.

Daga ranar ya ɗauki sabuwar al'ada. Da an sallame asuba, rana ta ɗan ɗaga, sai ya yafa bargonsa ya ja sandarsa ya nufi fadama, ya zauna a gindin farar ƙayar har hantsi. Masu wucewa gona suna ganinsa, baki a ɗan buɗe, kai a karkace, yana murmushi shi kaɗai. Magana ta fara yawo. Mata a bakin rijiya suna yi wa Gwaggo jaje tun ba a yi mutuwa ba.

Baba Babba, yayan babana, shi ke riƙe da gidanmu. Mutum ne mai kunya, mai gudun abin faɗa, kuma yana son ubansa, wannan ba na musu. Dariyar da ake yi wa Kaka ta hana shi sakat. Ya roƙe shi ya bar zuwa, Kaka ya ƙi. Ya ɓoye masa sanda, Kaka ya sassaƙa wata kafin la'asar. Sai Baba Babba ya yi abin da 'ya'yan kirki ke yi a wajenmu in tsohonsu ya zama abin magana: ya bi mutane yana ba su haƙuri. A masallaci, a kasuwa, a wajen suna, duk inda aka taɓo zancen sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri da shi, tsuhwa ne. Kanshi ba ya nan kamar da." Nufinsa a daina dariya a koma tausayi. Aka kuwa daina dariyar. Mutane suka koma gaishe da Kaka da ƙarfi, a hankali, kamar yadda ake yi wa mara lafiya.

Kaka ya ji. Babu abin da ke wuce kunnensa. Gwaggo ta ce ranar ya kira Baba Babba rumfa, ya ce masa, "Da sunka yi mini dariya, mutum sunka yi wa. Kai ka maishe ni yaro." Baba Babba ya ce don mutuncinsa ya yi. Kaka ya ce, "To ka aje mutuncin, ka ba ni maganata." Kwana uku bai ci tuwon gidan ba, sai furar da Gwaggo ke aiko masa.

Da na samu hutu na zo gida, ko jakata ban kwance ba ya ce gobe in shirya. Da safe muka tafi, yana gaba ina baya, shi da ba ya gani. Muka zauna. Sanyi ya shige mini ƙashi, na fara tsokanarsa cewa baƙon nasa ya gudu da ya ji amarya ta zo. Sai ya damƙe hannuna. Ban ji komai ba da farko. Can sai ga shi, ɗan bugu siriri, kamar ana taɓa ƙwarya da tsinke. Ya ɗaga sandarsa ya nuna, na bi kan sandar da ido.

Na gan shi. Ɗan mitsitsi ne, toka-toka mai haske, da zane-zane a baya, da ɗan ja a ƙeya. Yana manne a ƙarƙashin wani siririn reshe yana aikinsa, bai san gari ya rabu a kansa ba. Namu na san shi tun ina yarinya, mai ɗan kore a baya, ya ninka wannan girma. Ko makaho ba zai haɗa su ba, ga shi kuwa makahon ne ya raba su.

Kaka ya ce, "Hwaɗa mini kamarshi."

Na faɗa masa. Da na zo kan jan ƙeya sai ya gyaɗa kai, ya ce namiji ne. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ce rabonsa da wannan bugun tun kakata tana da rai, tana jiransa ya dawo daga arewa.

Na ɗaga waya na ɗauki hoto, amma tsuntsun ƙarami ne, reshen kuma da nisa. Abin da ya fito wani ɗigo ne a cikin ƙaya. Duk da haka na hau mota zuwa Konni, na nemi wani malamin daji, ma'aikacin kula da gandun daji, da aka ce yana da littafin tsuntsaye. Mutumin kirki ne. Ya saurare ni, ya buɗe littafin, ya nuna mini zanen wani tsuntsu, na ce shi ne. Ya ce ba kasafai ake ganinsa ba ko a inda ya saba zama, kuma shi bai taɓa jin an gan shi a yankinmu ba. Ya ce bayanin tsohon ya yi daidai ƙwarai, amma da wannan hoton ba zai iya sa hannu a kan komai ba. Ya yi niyyar zuwa da kansa. Kafin ya samu sarari ɗari ya wuce, baƙon ya tafi.

Da na koma na ba Kaka labari, ina tsammanin zai ji daɗi, sai ya ɗaure fuska. "Wa ya aike ki? Ni na hwaɗi, ke kin gani. Sai takarda ta yarda kana shi zama tsuntsu?" Na ji kunya, don gaskiyarsa ce. Na gani da idona, amma na tafi neman wanda zai ba ni izinin yarda da kakana. Na gaya wa mutane na gan shi. Suka ce jika ce, in ba ta kare angonta ba wa zai kare shi.

Da a nan abin ya tsaya, da na haƙura. Amma da bazara ta zo aka fara sharar gona, Gwaggo ta je tata ta tarar an tumɓuke gambar da ke kan iyaka an dasa ta can cikin gonarta. A wajenmu layin gamba shi ne iyaka. Gonar nan ita mijinta ya mutu ya bar mata, ita ke ciyar da ita da 'ya'yanta, kuma gefen da aka ci shi ne mai laima, inda dawa ke yi ko ruwa ya yi ƙaranci. Maƙwabcin ya rantse iyakar dama can take. Cikin waɗanda suka tsaya ranar da iyayen mijinta da na maƙwabcin suka raba gonakin, mutum ɗaya ya rage da rai, shi ne Kaka.

Aka taru a ƙofar mai gari. Na zo daga Tajaye don wannan zaman, na tsaya bayan zana tare da Gwaggo. Kaka ya miƙe ya yi bayani tiryan-tiryan: wanda ya riƙe igiya, wanda ya dasa gamba, wanda ya yi addu'a. Ya ce a kan iyakar akwai wata kirya, shi da kansa ya sare ta daga baya da yardar gidajen biyu, ya yi turmi da ita. Kirya ba ta ruɓewa. In an tsaya a gindin babban gawon gonar aka fuskanci gabas aka yi taki goma sha biyu, a haƙa, kututturen yana nan.

Maƙwabcin bai yi masa musu ba. Wayonsa ya fi haka. Ya tsuguna cikin ladabi ya ce, "Ranka shi daɗe, Baba ubanmu ne, ba ni ja da shi. Amma kowa ya san halin da shi ke ciki. Wanda ya kwashe ɗari shina hira da tsuntsun da babu wanda ya gani. Ba ni na hwaɗi ba, ga babban ɗanshi nan, shi da bakinshi ya ce muna kanshi ba ya nan."

Mai gari ya juya ya dubi Baba Babba. "Ka hwaɗi haka?"

Baba Babba ya dubi ƙasa. Ya ce ya faɗa.

Kaka ya buga sandarsa. "A kawo dagi! In ba a iske kututture ba, ku kira ni mahaukaci har kabarina."

Nan ma ladabi ya sake cin mu. Dattawa suka ce ba a gwada tsoho a bainar jama'a. In aka haƙa ba a samu komai ba, da wane ido za a dube shi? Baba Babba da kansa ya roƙa a bar zancen haƙa, don a ransa bai yarda akwai kututturen ba. Aka ce a yi sulhu. Aka raba gefen da ake gardama a kai gida biyu, aka shafa fatiha, kowa ya ce an kyauta. Gwaggo ta rasa rabin wurin dawarta. Mai gari ya ce wa Kaka ya yi haƙuri.

Kaka ya ce, "Ban yi ba."

Bai sake zama a majalisa ba. Yana zuwa masallaci, yana amsa sallama, amma in aka tambaye shi wani abu na da, ko sunan kakan wani, ko inda tsohuwar rijiya take, sai ya ce a tambayi masu hankali. Garin ya sha wahalar wannan amsa fiye da yadda yake so ya faɗa. Gizagonsa kuwa bai ajiye ba sai da hannu ya ƙi. Bayan girbi ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai, da aka gama addu'a aka fara watsewa, Gwaggo ta ɗaura ɗamara ta ɗauki dagi. Na ɗauki hauya. Ba mu yi shawara da kowa ba, kuma ba mu bi ta bayan gida ba, ta gaban maza muka ratsa. Wani dattijo ya ce, "Ina zuwa haka, ana zaman makoki?" Gwaggo ta ce, "Aiken Baba za mu." Aka ce an riga an shafa fatiha a kan maganar. Ta ce ita ba gona ta je karɓa ba.

An cire amfani, gona fili ce sai karare. Na tsaya a gindin gawo na fuskanci gabas na ƙirga taki, ina buɗe ƙafa irin ta namiji. Na sha biyun ya kai ni cikin rabon da aka ba maƙwabci, har can bakinsa, dab da inda tsohuwar gamba take kafin a tumɓuke ta. Muka fara haƙa. Ƙasa ta bushe, hannuna na alli ne, nan da nan ya yi bororo. Mutane suka fara taruwa a bakin gona. Mun kai kusan gwiwa babu komai, sai jajayen saiwoyi. Na fara shakka, ba zan ɓoye ba.

Sai na ga an karɓe dagin daga hannun Gwaggo. Baba Babba ne, da babbar rigarsa ta karɓar gaisuwa. Bai dube mu ba. Ya matsa kamar taki ɗaya gaba, ya ce ƙafar Kaka ta fi tawa tsawo. Ya buga, ya buga, a karo na biyar dagin ya yi tsalle a hannunsa. Ya durƙusa ya tone da yatsu. Baƙin kututture ne, mai faɗin faifai, da sawun gatari a kansa.

Maƙwabcin yana cikin masu kallo, ya sulale. Wani ya fara cewa ai dama shi bai taɓa shakka ba, Gwaggo ta juya ta dube shi, ya haɗiye sauran. Maganar gona yanzu tana gaban mai gari, kuma wannan karon ba za mu karɓi rabi ba.

Baba Babba ya daɗe a durƙushe, hannunsa a kan kututturen, rigarsa duk ƙasa. Da mutane suka ragu, ya ɗago ya kira ni da sunan da ba ya kirana da shi sai in abu ya yi tsanani.

"Ɗiyata. Tsuntsun nan, da gaske kin gane shi?"

Na ce na gan shi.

"Ƙaƙa kamarshi take?"

Hoton yana cikin wayata, littafin malamin daji yana Konni, kuma zan iya zana masa tsuntsun da baki tun daga ƙeya har wutsiya. Na tausaya masa, Allah ya sani, don uba ya rasa, kuma ya rasa damar ba shi haƙuri. Amma wata biyu cur baƙon nan ya yi a bakin fadama, tsohon yana roƙon mutum ɗaya mai ido ya taka ya duba.

Na ce, "Baba, ɗari ya kusa. Bargonshi na nan rataye a rumfa. Ka tahi ka zamna inda ya zamna."

Ya ce, "In bai dawo ba fa?"

Na ce, "Sai ka yarda da shi hakanan."

Allah ya haskaka kabarin Kaka, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, ya tashe shi cikin waɗanda ba a tambayarsu shaida sau biyu. Mu kuma da ya bari, Allah ya yafe mana abin da muka yi masa da sunan ladabi.